Kart ɗin da Ya Ci Saniyar Inna

Shekarar da nake nufi ita ce wadda ta biyo bayan saukar fara. Duk mai hankali a ƙasar Damagaram ya san ta. Ruwa ya ɗauke tun gero bai gama yin ido ba, ɗan abin da ya tsira kuma fara ta sauka ta share shi cikin kwana biyu. Kafin bazara ta kama, tiyar hatsi ta yi tsadar da tsofaffi suka ce rabonsu da ganin irinta tun suna samari. Dabba kuwa ta zama abin banza, sai ka kai akuya kasuwa ka dawo da abin da bai cika ƙwarya ba.

Ni a lokacin ina zaune a Birni, sana'ata rubutu. Na yi karatun allo na sauke, hannuna ya faɗa da ajami, ina da tabarma a wata rumfa kusa da kasuwa inda nake rubuta wa mutane wasiƙa. Boko ban yi ba, ko harafi ɗaya ban sani ba. Na faɗi wannan tun da wuri don a san irin mutumin da aka damƙa wa sayen kayan na'ura.

Da rumbu ya ƙare a ƙauyenmu, can wajen Droum, sai mahaifiyarmu ta taso ta dawo gidana, tare da ƙanena da matarsa da 'ya'yansu uku. Ba su zo da wani kaya ba sai tabarmi da saniya guda, ramammiya, da wata tukunya da Inna ta liƙe bakinta da laka. Irin shuka ne a ciki, geron da ta zaɓa zangarniya-zangarniya tun kakar da ta wuce waccan. Ta tura ta ƙarƙashin gadonta ta ce mana:

"Ko mutuwa za mu yi, wannan ba na ci ba ne. Ranar da aka yi ruwan shuka, da ita za mu koma."

Duk abin da zan ba da labari a nan, a kan tukunyar nan yake. Mu goma sha ɗaya a gida, abin da nake samu a rubutu bai kai ya ciyar da biyar ba, domin mai yunwa ba ya aika wasiƙa. In ba a samo wata hanya ba, tukunyar za a fasa, kuma wanda ya ci irinsa ya ci shekararsa mai zuwa.

Ƙanena ne ya kawo dabara. Ya yi shekaru yana zuwa cin rani cikin gari, yana gadi a wani biro, wato ofis. Da aka rufe biron, maigidansa ya sallame shi da wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, ya kawo ta ya ajiye a ɗakina lulluɓe da zane, har na saba ɗora buta a kanta. Ya ce mu share zaure, mu jawo wuta daga maƙwabta, ya sa wasan ƙwallo a na'urar, samari su riƙa biya suna bugawa.

Na ce masa, "Mutane suna tonon gidan tururuwa suna neman tsaba, kai kana zancen ƙwallon cikin gilashi?"

Ya ce, "Yaya, ba kowane gida yunwar ta shiga ba. 'Ya'yan ma'aikata da na manyan 'yan kasuwa har yanzu da canji a aljihunsu. Canjin nan nake so in mayar hatsi."

Na juya maganar kwana biyu. Ba caca ba ce, ba wanda ke cin kuɗin wani. Na gindaya masa sharaɗi cewa da an kira salla za a kashe, ya yarda. Aka samo wasan aka sa. Sai ga 'yan ƙwallon suna tafiya kamar masu kurkunu, a ɗaga ƙafa a tsaya, a ɗaga a tsaya. Ba wanda zai ba da ko dala a kan wannan.

Nan taubashina ya shigo labarin. Ɗan kawuna ne, ubansa wan Inna, sa'ana ne kuma. Ya fara da gyaran rediyo, ya koma talabijin, da na'urorin nan suka shigo gari ya koya wa kansa cikinsu. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa da hankali ba. Shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce shi ne nawa. Ran cika-ciki kowace shekara sai mun yi rigimar shara, kowa na cewa ɗan'uwansa ne zai biya, a ƙarshe wanda ya riga kama rigar wani shi ke karɓa.

Ya shigo zaure da turnabis, abin kwance ƙusa, a bayan kunne yana cewa, "Ina bawan nan nawa? Alaramma, an ce ka zubar da tawada ka buɗe filin ƙwallo. Kai ne gola?"

Na ce, "Kai dai duba abin da aka kira ka, maƙerin gwangwani."

Ya kwance gefen na'urar ya leƙa, ya hura, ya yi tari. Ya ce lafiyarta ƙalau, abu ɗaya ta rasa, shi ne kart. Ya bayyana mana cewa wani falle ne da bai fi tafin hannu ba, ana soka shi a cikinta, shi ne mai zana hoton da ake gani a gilashi. Ba shi, na'urar tana rubutu amma ba ta gudu.

Ƙanena ya ce, "To wane iri za mu saya?"

Sai ya zauna a kan turmi ya bar wasa, abin da ba kasafai yake yi ba. Ya ce kafin a sayi kart ana tambaya uku. Wane wasa za a yi da shi? Ƙwallo ce, ƙwallo ba ta da ci. Na biyu, tukunyar wutar da ke cikin na'urar za ta iya ciyar da shi? Ya ƙwanƙwasa wani akwatin ƙarfe a kusurwar cikinta ya ce wannan tsohuwa ce, ƙarfinta kaɗan ne, in aka ɗora mata babban baƙo za ta durƙushe. Na uku, a wane ɗaki zai zauna? Ya ɗaga kai ya dubi kwanon zauren, muka duba tare da shi. Watan bazara ne, gumi na zuba daga gemunsa.

Ya ce, "Akwai wani a wajena. Na hannu ne, ban ɓoye muku ba, daga na'urar wani na cire shi da ya canza babba. Ƙarami ne, ba shi da fanka, sai wani ƙarfe mai haƙora kamar mashaci da ke shan zafin. Abin da ba ya juyawa ba ya tsayawa. Zai ja ƙwallonku har ku gaji. Amma ko ba nawa ba, duk wanda za ku saya, a soka shi a na'urarku ya yi aiki tun daga azahar har la'asar. In ya ga la'asar da ransa, ku biya. In bai gani ba, ku mayar wa mai shi."

Kuɗin da ya faɗa bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da muke sa ran samu a saniya ba.

Ranar kasuwa aka ja saniyar Inna. Ba zan tsaya a kan wannan ba, har yau ba na son tuna yadda mahauta suka riƙa zagaya ta suna taɓa ƙashin bayanta suna taɓe baki. Mun yi lissafi cewa in aka sayi hatsi da kuɗin duka, wata guda zai kai mu, ga kaka kuwa tana can nesa. Don haka Inna ta ƙulle su a bakin zane, ta kwance a gabana ta zuba mini a hannu.

"Kai ne babba, kai ne malami. Ka sayo abin da ya dace."

Da na bi ta shagon taubashina a ranar, da wannan labari bai samu ba. Amma zuciya ta raya mini cewa dukiyar uwa ba a sayen kwance da ita. Araha ba ta ado, haka muka taso muna ji. Kuma akwai wani Alhaji mai kanti a bakin kasuwa, yana kawo kayan wuta daga Kano da Kwatano. Sahu ɗaya muke tsayawa ran Juma'a, na sha rubuta masa wasiƙa zuwa ga abokan cinikinsa, da azumi yakan aiko mini da sukari. Na ce da ƙanena mu fara leƙa can.

Alhaji ya tarbe mu hannu biyu. Ya sa aka ba ni kujera, aka kawo ruwa mai ƙanƙara, a shekarar da ruwan sanyi kansa alfarma ne. Da ya ji abin da ya kawo mu, ya miƙa hannu saman kanta ya sauko da wani kwali mai sheƙi, da hoton wani jarumi sanye da sulke a jikinsa. Ya zaro kart ɗin ya ɗora mini a tafin hannu. Dogo ne, ja, da fanka a tsakiyarsa kamar idon saniya. Ya nuna wata lamba a jikin kwalin ya ce ta ninka ta ƙananan nan da ake yayi.

"Malam, ɗaga ka ji. Ka taɓa ganin an je sayen ragon layya an zaɓi mara nauyi?"

Na ɗaga, na jinjina shi yadda ake jinjina rago. Wallahi haka na yi, ni da ban san gabansa da bayansa ba. Na ji nauyi, raina ya kwanta.

Ƙanena ya matso ya ce a hankali, "Yaya, gwajin nan. Azahar zuwa la'asar."

Alhaji ya ji. Bai yi fushi ba, sai ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Wallahi tallahi, Malam, sabo ne fil, ba a taɓa soka shi a jikin komai ba. Na rantse da wanda raina ke hannunsa." Sannan ya zuba mini ido.

Wanda ba ɗan nan ba zai ce, to me ya hana a gwada? Abin da ya hana shi ne, a wajenmu in dattijo ya rantse maka da Allah a gaban mutane, ka ce sai ka gwada, ka kira shi maƙaryaci ke nan, ka kuma nuna sunan Allah bai ishe ka ba. Balle ni, da nake zaunar da mutane ina faɗa musu nauyin rantsuwa. Alhaji ya san haka sarai. Ya san wanda ya zaunar a kujerarsa. Da ƙanena ne shi kaɗai, manomi mai taurin kai, da bai ɓata rantsuwarsa ba, sai ya nemi wata dabara. Ni ya duba ya ga inda igiyata take, ya kama.

Na daka wa ƙanena tsawa na ce ya yi mana shiru. Aka yi ciniki, ya rage mini ɗan abin da ba a rasa ba don girmamawa, na ce na saya, ya ce Allah ya sa albarka. Kuɗin saniya suka tafi, sai ɗan abin da ya sayi hatsin kwana huɗu.

Bayan la'asar muka biya ta shagon taubashina don ya soka mana. Akwai majalisa a gindin dogon yaron da ke ƙofarsa, mutum bakwai ko takwas, duk 'yan unguwa, masu sauraron rediyon da ya gyara kafin masu shi su zo karɓa. Da ya hango kwalin a hammatata sai ya fashe da dariya.

"Jama'a ku tashi, bawana ya sayo sarkin yaƙi!"

Ya karɓa ya buɗe. Ya juya kart ɗin, ya kai shi kusa da ido, ya shinshina. Dariyar ta ɗauke.

Na ce, "Ka ga lambar? Ta ninka taka."

Ya ce, "Lambar nan girman rumbu ce. Kai ɗan manoma ne, ka san rumbu ya yi girman ɗaki, in ƙofarsa hannu ɗaya ke shiga, gida zai kwana da yunwa. Masu yin irin wannan sun san ku da son babbar lamba, sai su faɗaɗa rumbun su tsuke ƙofar. Ga shi da cin wuta kamar gobara. Kun gwada shi?"

Na ce, "Mutum ya rantse da Allah."

Ya ce, "Rantsuwa ba ta sanyaya ƙarfe, ɗan gwaggo. Mayar masa tun bai rufe kanti ba."

Wani a majalisar ya yi 'yar dariya. Ban san ko dariyar ce ta tunzura ni ba, ko kuwa don can cikin raina na fara jin tsoron gaskiya ya faɗa. Na miƙe tsaye na ce masa, da murya sama, ba da wasa ba:

"Haushinka dai ba a sayi ruɓaɓɓen kayanka ba. So ka yi ka ci kuɗin saniyar gwaggonka a shekarar yunwa, Allah bai ba ka sa'a ba."

Tsakanin taubasai ba abin da ba a faɗa. Na sha ce masa mummuna, ya sha ce mini zai ƙwace matata ya bar mini buta. Amma duk wannan da dariya a bakin mai faɗa. Wannan kuwa ba dariya a ciki, kuma kowa a wurin ya ji babu. 

Taubashina ya dube ni ya ce, "To, Malam."

Tun da aka haife mu bai taɓa kirana Malam haka kawai ba, ba wutsiya. Ya ɗauki turnabis ya bi ƙanena gida, ya soka kart ɗin, ya ce masa ya bar gefen na'urar a buɗe ta sha iska. Bai karɓi ko sisi ba, bai kuma shiga ya gai da Inna ba, don kada ta ga fuskarsa ta tambaya.

Kwana tara abin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ciyawar filin kore shar, har inuwar 'yan wasa ana gani. Samari suka cika zaure, 'yan kabu-kabu ma in rana ta yi zafi sai su jingine babur su shigo. Kullum da yamma ƙanena ya juye canji a faranti, matarsa ta tafi ta auno tiya. Ni kuwa ina wucewa ta gaban dogon yaron nan da tafiyar wanda aka ba gaskiya.

Rana ta goma, tsakanin azahar da la'asar, daidai lokacin da aka ce mu gwada, ina alwala a tsakar gida na ji samari sun yi ihu. Na shigo na tarar gilashin ya cika da zane-zane kore da ja, kamar an yayyaga atamfa. Sai wani wari irin na babbakar kai. Sai duhu. Fankar ta tsaya, kart ɗin ya ƙone, ya kuma tafi da tukunyar wutar.

Na naɗe shi a kwalinsa na nufi kanti. Wannan karon ba kujera, ba ruwan ƙanƙara. Alhaji ya saurare ni yana jan carbi, ko kwalin bai taɓa ba.

"Ai wutar unguwarku ce, Malam, kowa ya san ba ta da tsari. Ciniki kuma ya riga ya faɗa."

Na ce, "Alhaji, saniyar mahaifiyata ce. Ita ke nan gare ta."

Ya ce, "Allahu akbar. Ƙaddara ce. Ai ku ne malamai, ku ke koya mana haƙuri."

Shekaru sun shuɗe, na yafe abubuwa da yawa a rayuwata, amma duk lokacin da na tuna wannan kalma sai na ji jinina ya hau. Ya sayar mini da sunan Allah, da na dawo kuma ya kore ni da sunan Allah. Ya mai da rantsuwa awon ƙarya, ya mai da ƙaddara ƙofar baya. A shekarar da mata ke jiƙa anza, 'ya'yan wani itacen daji, kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita su ba 'ya'yansu, mutum mai kanti cike da kaya ya dubi kuɗin saniyar tsohuwa ya ga ganima. Kuma ran Juma'ar da ta biyo ya zo ya tsaya kusa da ni, kafaɗa da kafaɗa, ya miƙo mini hannu bayan sallama. Na ba shi, don masallaci ne. Na koma wani sahu daga ranar, wasiƙarsa kuma ban sake rubutawa ba, da azumi ya zo na mayar da sukarinsa.

Na yi tunanin kai ƙara. Amma wa zan kira shaida? Kowa ya ji na ce na saya, kowa ya ji na hana a gwada.

Zaure ya koma shiru. Hatsin da ke gida ya kai mu kwana shida da kunu sau ɗaya a yini. Na sayar da babbar rigata, ta kai mu wasu kwanaki. Ƙaramar 'yar ƙanena ta daina kuka, ta koma kwanciya kawai tana kallon mutane, wanda ya san yunwa ya san wannan ya fi kukan muni.

Wata safiya na fito na ga Inna ta jawo tukunyar tsakar gida. Ta sa ƙotar muciya ta ƙwanƙwashe lakar a hankali, kamar mai tsoron ta ji mata ciwo. Ta auni gero ta miƙa wa surukarta ta ce a daka. Ba ta dube ni ba. Ba ta ce ina saniyata ba, ba ta ce kai ne babba ba. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Kwana goma sha ɗaya muna cin irin shuka, kowace loma ina jin ta kamar tsakuwa.

Ashe ƙanena ya gaji da jiran girman kaina. Ya tafi wajen taubashina ba da sanina ba. Shi kuma ya jira sai da na fita rumfa, ya zo da ƙaramin kart ɗin nan da wata tsohuwar tukunyar wuta, ya haɗa. Ƙanena ya ba ni labari daga baya cewa taubashin namu ya kwance fankar mataccen ya nuna masa abin da ke ƙarƙashinta: ƙura ta daskare kamar gashin tunkiya, ga tabon dalma inda aka taɓa gyara shi. Tsohon kaya ne aka goge aka sa a sabon kwali. Da ƙanena ya tambaye shi nawa za a biya, sai ya ce:

"Na Gwaggo ne. Kada ka kai wa Malam wata magana in ji ni."

Na dawo na ji ihun samari tun daga bakin lungu. Hoton bai kai na da kyau ba, ciyawar ta koɗe, inuwa babu. Amma 'yan wasan suna gudu, kuma ban ga saurayi ɗaya da ya tambayi inuwa ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Kart ɗin nan mai kama da mashaci ya ga la'asar ta ranar, ya ga ta gobe, ya ƙare bazara, ya ƙare damina. Inna ta kwaɓa sabuwar laka ta liƙe abin da ya rage a tukunyar.

Da aka yi ruwan shuka suka koma ƙauye, aka bar wa wani maƙwabci zauren yana aika musu rabonsu. Irin ya ishi gonar fadama da rabin ta bayan gari. Gonar tudu, wadda mahaifinmu ya fi so, ba a jefa mata ƙwaya ɗaya ba. Da kaka na je na tsaya a bakinta. Gonakin mutane hagu da dama an ɗaure dammuna, tamu sai ƙarangiya da tumfafiya. Wannan shi ne ainihin kuɗin kart ɗin Alhaji, kuma ni na sa hannu na biya.

Duk tsawon watannin nan ban je wajen taubashina ba. Mukan haɗu a jana'iza ko suna, ya ce, "Malam, ina gajiya," in ce, "Ba gajiya," kamar baƙi biyu a tasha. Na iya tsara wa mutane kalmomin ban haƙuri a takarda, na rubuta wa ɗa zuwa ga uba, na rubuta wa miji zuwa ga surukai, amma nawa ya ƙi fitowa. Sau biyu ina ɗaukar alƙalami in ajiye, don na san abin da aka faɗa da baki a gaban mutum takwas ba a biyansa da takarda a ɓoye.

Ran cika-ciki na ɗauki mataccen kart ɗin, wanda na mayar abin danne takardu, na tafi bayan la'asar. Majalisa ta cika, kusan duk waɗanda suka ji ni a wancan karo suna nan. Yana sunkuye a kan wata rediyo. Na yi sallama, aka amsa, aka matsa mini wuri. Na ce a tsaye zan yi magana.

Na ce, "Jama'a, a nan na ce mutumin nan ya so cin kuɗin gwaggonsa. Ƙarya na yi masa. Shi ya faɗi gaskiya, ni na ƙi ji, na jawo aka ci irin shuka a gidanmu. Shi ne kuma ya rufa mana asiri ban ce masa ko sannu ba. A gabanku na ɓata shi, a gabanku nake roƙonsa ya yafe mini."

Na ajiye kart ɗin a kan teburinsa. Bai ɗago ba. Ya ci gaba da ɗaure wata ƙusa har ya gama, ya mayar da turnabis bayan kunne, ya ɗauki kart ɗin ya jinjina shi a hannu kamar mai tayin rago.

Ya ce, "Kai, akwai nauyi. Alaramma, wannan ai ya isa layya."

Majalisa ta kwashe da dariya. Kafin in buɗe baki ya miƙo hannu ta saman teburin ya damƙi wuyan rigata.

"Na riga ka. Kawo sharata, bawan banza."

Na laluba aljihu na ba shi abin da na samu, goro ɗaya ne da ɓari. Ya ɓantari ɓarin ya miƙo mini sauran, ya ce in zauna in daina tsaya masa a kan haske.